Daminar da Bakin Tagwaye Ya Buɗe

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a cikin zuriyar nan, na sha jin ku jikokina kuna maimaita ta a wajen suna da biki, wai wanzami ne ya yanke wa Hassan da Usaini linzami, bakinsu ya buɗe rana ɗaya. Ban san wanda ya ƙago ta ba, amma tun da Allah ya bar ni da raina da hankalina, gara in gyara ta kafin a gyara mini kwanciya. Wanzami ya zo, wannan gaskiya ne. Ya buɗe bakin yaran, ya ɗaga harshensu ya duba fatar ƙasan, ya mayar da askarsa cikin zabira, ya ce babu abin yanka a nan. Abin da ya biyo bayan tafiyarsa shi zan ba ku, don a gabana aka yi, da ni kuma aka yi.

A lokacin muna zaune a wani ɗan ƙauye a gindin duwatsun Roni, zamanin En'e, sa'ad da maganar dagaci take ƙarshen magana. Gidanmu ne na ƙarshe a garin, daga shi sai gonaki sai dutse. Malam, mahaifinsu, da damina yana gona tun safe har la'asar, da rani kuma ya kora jakunansa fatauci Babura, wani lokaci har ya tsallaka iyaka, sai mu yi wata ba mu gan shi ba. Surukata, wadda kuke ji ana ce wa Iya, kunnenta ya yi nauyi tun kafin a kawo ni, sai an matsa kusa an ɗaga murya take ji. Ni kuwa Bafulatana ce daga wata ruga a ƙasar Gwiwa, kuma tagwayen su ne 'ya'yana na fari. Ku 'yan yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ko tsayar da ido a kansa a gaban mutane. Uwata ba ta taɓa furta sunan yayana ba har ta koma ga Allah. Haka na tashi na gani, haka na yi. Na shayar da su, aka yaye su, suka koma ɗakin Iya, ni kuma ina dafa musu, ina wanke musu, bakina a rufe.

Ba cewa nake al'adar ba ta da kyau ba. A gidan da ke cike da kakanni da goggonni da yara, ɗan fari ba ya rasa mai yi masa magana, har ya gaji. Namu gidan ne bai da mai cike gurbin. Iya tana son su kamar ranta, tana goya wannan ta rungume wancan, amma wanda ba ya jin amsa ba ya yawan tambaya. Sai yaran suka doshi shekara huɗu babu wata kalma ta Hausa ko ta Fulatanci a bakinsu. Kuma ba bebaye ba ne. Tun asuba suke surutu har rana ta faɗi, suna dariya, suna aiken juna, ɗaya ya faɗi abu ɗayan ya ruga ya ɗauko. Sai dai duk garin babu mai gane ko kalma ɗaya. Dama tagwaye ana ɗaukar su masu baiwa ne, ana cewa kunama ba ta harbinsu, to da aka ji wannan yare sai mata a bakin rijiya suka fara cewa da mutanen ɓoye suke hira. Iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa wajenmu, abin ya ƙara taɓarɓarewa.

Gab da saukar ruwan farko sai Yaya Rabi ta zo. Ita ce yayar Malam, tana aure a Babura, tana sana'ar daddawa, gidanta cike da yara. Mace ce mai kirki, amma idan ta yanke magana ta yanku. Ita ta sa aka kira wanzamin. Da ya tafi ba tare da ya yi komai ba, sai ta zauna a tsakar gida tana kallon yaran suna wasa a gindin rumbu, ta daɗe, sannan ta juya wajen Malam. Ina bayan zana ina wanke-wanke, ina jin su.

"Ba ciwo ne da su ba," in ji ta. "Junansu ne ya ishe su. Muddin wannan yana gane wancan, ba za su nemi bakin kowa ba. A raba su."

"A raba su kamar yaya, Yaya?"

"Bayan kaka zan dawo in ɗauki Usaini. Ya shiga cikin yarana, dole ya yi magana ko yunwa ta sa shi. Hassan ya zauna nan."

Malam ya ce, "Yadda kika gani, Yaya."

Maganarta ba ta rashin hankali ba ce, shi ya sa ta fi tsorata ni. Amma ni na san abin da ita ba ta sani ba. Akwai ranar da Iya ta goya Hassan ta shiga maƙwabta gaisuwar mara lafiya, ta bar Usaini yana barci. Da ya farka bai ga ɗan'uwansa ba, bai yi kuka ba. Ya zauna a bakin ƙofa ya ƙi ruwa, ya ƙi fura, jikinsa ya yi zafi rau kamar an gasa shi, sai da Hassan ya dawo zazzaɓin ya sauka. Wuni ɗaya ke nan. Na ce a raina, idan aka kai yaron nan Babura gawarsa za a aiko mana. Kuma ba ni da bakin faɗa, domin mace mai kunya ba ta sa baki a maganar ɗan fari, ko kyautar da shi aka yi sai ta kau da kai.

Da Yaya Rabi ta tafi sai na mayar da aikina gindin rumbu, inda suke wasa. Can nake tankaɗe, can nake tsince wake, kaina a sunkuye, kunnena a wajensu. Da farko duk abin kamar kukan tsuntsaye ne. A hankali na lura akwai kalmomin da suke dawowa. Duk sa'ad da ɗaya ya ce timo, sai su nufi randa. Idan na hura wuta sai su ce fufu. Turmi dandan ne, kaza kuma kuri. Ashe ba iskoki ba ne, yare ne sosai, daga ƙarar abubuwan gidanmu suka ƙera shi. Iya ma suna da sunanta, Iye suke ce mata, saboda kome aka faɗa mata sai ta ce, "Iye?" Mahaifinsu kuwa da irin ƙarar harshen da yake yi wa jakuna suke kiransa. Na riƙa toshe bakina da gefen zane kada su ji dariyata. Sai na ƙagu in ji ni me suke ce mini. Wata safiya na laɓe a bayan rumbu, Usaini ya je ya leƙa ɗakina bai gan ni ba, ya dawo ya buɗe wa Hassan tafin hannunsa, alamar babu, ya ce, "Ungo." Na fito, sai dukansu suka nuna ni da murna suna cewa, "Ungo! Ungo!"

Na zauna a kan turmi. Ungo. Abin da nake ce musu ke nan idan na miƙa musu tuwo ko ruwa. Na bi shekarun nan da tunani ina neman wata kalma da na taɓa faɗa musu, ban samu ba sai tashi da bari. Kaza suka sa mata suna da kukanta, ni ma suka sa mini da nawa. A kan turmin nan na yanke shawara, kuma wallahi ba baƙin ciki ne ya fi yawa a raina ba, wani irin ɗoki ne, kamar wadda ta daɗe tana zagaya gida ta gano ƙofar.

Washegari na ɗebo ruwa a ƙoƙo, na durƙusa a gabansu, na kalli idonsu, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Timo?"

Usaini ya ɓuya a bayan ɗan'uwansa. Hassan ya kalle ni, ya kalli ƙoƙon, sai ya fashe da dariya har ya faɗi ƙasa yana birgima. Ashe ban faɗa daidai ba ne. Ya tashi ya kama leɓena da 'yan yatsunsa ya sake faɗa mini, yana jan ƙarshen, na maimaita, ya gyaɗa kai kamar babban malami. Daga nan suka kama hannuwana, ɗaya dama ɗaya hagu, suka zagaya da ni gidan kaf. Su nuna abu su faɗi sunansa, in maimaita, su yi tsalle. Ranar tuwon rana bai sauka da wuri ba, Iya tana ta leƙowa tana tambayar ko lafiya. Da muka dawo bakin randa sai na taɓa ƙirjinsu na ce timo, na taɓa nawa ƙirjin na ce ruwa. Na sake. Na sake. Hassan ya ƙura wa bakina ido, ya motsa nasa, ya ce:

"Luwa."

Na yi guɗa. Ni, a kan ɗan fari, da rana tsaka. Ban san sa'ad da ta fita ba.

Daga ranar ciniki ya kankama tsakaninmu, su ba ni tasu in ba su tawa. Ban san wata dabara ba, abin da hannuna yake kai shi bakina yake faɗa. Ina wanke shinkafa ina cewa ga shi ina wankewa, ga ruwa ya yi fari, na zubar. Ina yi musu wanka ina kiran kunne, hanci, wuya, cibiya, idan na zo cibiya in yi musu cakulkuli, har suka riƙa jiran ta suna faɗa tun kafin in kai. Sai na ƙago wasan faifai. In jera ludayi da mara da muciya da ƙoƙo a tabarma, in ce su rufe ido, in kife faifai a kan ɗaya, in ce me ya ɓata? Wanda ya faɗa shi zai buɗe. Idan ina daka in sa musu waƙa da sunayen abin da ke gabanmu, ina cewa taɓarya ta hau, taɓarya ta sauka, wa ya ci gero, kaza ta ci gero, su kuma aikinsu su cafe ƙarshen. Da ruwa ya zauna muka riƙa ɗebo laka muna gina shanu, ni da na tashi a cikin garke, in shafa wa wannan toka in ce fara, wancan gawayi in ce baƙa, waccan jar ƙasa in ce ja, ga babba ga ƙarama, ga mai ƙaho ga maras ƙaho. Kuma ba a koya wa mutum magana ba a kira shi ba. Ranar da na fara cewa Hassan da bakina, harshena ya yi nauyi kamar na ɗauki dutsen niƙa, na biyun ya zo da sauƙi, kafin yamma ina ƙwala musu kira daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Iya ba ta ji ba, amma maƙwabciyarmu ta ji ta saman darni. Kafin kwana biyu labari ya gama gari. In na je rijiya sai mata su yi shiru, wata ta ce ga Aku nan ta iso, a yi dariya. Sunan ya bi ni shekaru. Wata tsohuwa ta tare ni a hanya ta ce ita ba ta taɓa ganin Bafulatanar da ta sayar da kunyarta da arha haka ba. Rannan Malam ya dawo daga gona da la'asar, ya jingine fartanyarsa, ya zauna bai ko sha ruwa ba.

"Na ji ana cewa kina kiran sunan yaran nan."

"Ina kira, Malam."

"A gaban mutane?"

"A gaban kaji da akuya dai nake yi. Mutanen su suka kawo kunnensu."

Ya kau da kai, na ga gefen bakinsa yana motsi. Sai ga Hassan ya taho, ya dafa ƙotar fartanyar, ya ɗaga kai ya kalli ubansa ya ce, "Fatanya. Ta Baba." Malam ya zabura kamar an ɗana masa wuta. Ya ce wa ya faɗa? Ya ce a sake. Hassan ya sake, ya ƙara masa da hula da gemu da takalmi, yana taɓa kowanne. Mutumin nan da ban taɓa ganin haƙoransa a gaban uwarsa ba, ya ɗaga yaron sama yana ta kabbara. Tun daga ranar ba ya dawowa daga gona hannu wofi. Kullum da abin da zai zazzago daga burgaminsa, wato jakarsa ta fata, yau fara, gobe gashin zabo, jibi ɗan kunkuru, da gero ya ƙosa kuma tumu. Ya ɓoye a bayansa ya ce sai an faɗi sunan na jiya za a ga na yau. Har Iya ta shiga ciki ba da saninta ba, don na riƙa aiken Hassan wajenta, in ce je ka ce wa Iya ta ba ni gishiri. Tun da sai an buɗe baki sosai take ji, dole ya gyara kalmar, ya yi ta nanatawa har ta gane.

Ana tsakiyar damina uwata ta zo gani na. Ba ta yi aike ba, sai sallamarta na ji. Ta shigo da ƙwaryar nono a ka, ta tarar da ni zaune a ƙasa, Hassan a cinyata, Usaini a kafaɗata, hannuna duk laka, ina rera musu waƙa da sunayensu a ciki. Ta tsaya cak. Ta sauke ƙwaryar a hankali, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta shiga ɗakin Iya. Can ta ci abinci, can ta kwana. Da safe na raka ta har bayan gari, ina ta ƙoƙarin yi mata bayanin Babura da zazzaɓin Usaini, ba ta tanka ba sai da muka kai gindin wata tsamiya.

"Na ji duk abin da kika ce," in ji ta da Fulatanci. "Amma ni ba haka na yi renonki ba. Kin zubar da fulako, kunyarmu ta gado, a tsakar gidan mutane. Da wane ido zan kalli dangi?"

"Inna, in na yi shiru za a ɗauke shi."

"Da an ɗauke shi da kin yi haƙuri, kamar yadda muka yi. Koma gidanki."

Ta tafi ba ta waiwayo ba. Na tsaya a gindin tsamiyar na yi kuka mai isata. Da na haifi ƙanwarsu ba ta zo suna ba, ba ta aiko da ko man shanu ba, kuma an daɗe ƙwarai kafin ta sake taka gidana. Ko da ta dawo ba mu taɓa tayar da maganar ba. Wannan ita ce ta fi yi mini ciwo a duk abin da na rasa. Amma da na koma gida ranar, Hassan ya tarye ni a ƙofa ya nuna fuskata ya ce, "Ido luwa," sai na tsinci kaina ina gyara masa, ina cewa hawaye, ka ce hawaye.

Saura Usaini. Shi ne damuwata, kuma shi ne za a ɗauka. Hassan ya zama kamar kogin da ya ɓalle, yana kwaɓa magana daidai da ba daidai ba, mene ne wannan, mene ne wancan, har kaina ya yi ciwo. Usaini kuwa ko kalma. Wasan faifai yana gane abin da ya ɓata tun kafin ɗan'uwansa, amma sai ya raɗa wa Hassan da yarensu, Hassan ya faɗa. In na ce ɗauko mini muciya zai ɗauko, in na ce baƙar saniya zai nuna. Na gwada yi masa kamar ban gane timo ba, na ce sai ya ce ruwa sannan zan ba shi. Yaron nan ya haƙura da ƙishirwarsa ya koma gefe ya zauna, leɓensa ya bushe. Na ga ba zan iya ba, na ba shi, ban sake matsa masa ba. Abin da ya riƙe mini zuciya ɗaya ne. Wata rana na hango shi shi kaɗai a bayan rumbu, ya jera shanun lakarsa, bakinsa yana motsi ba sauti, yana bin su ɗaya ɗaya. Na ce wannan tarawa yake yi. Amma tarawa ba ta zama hujja a gaban Yaya Rabi, ga gero an yanke, an ɗaure, an fara kaiwa rumbu.

Ta iso da hantsi a kan jakinta, ta ɗaure shi sako-sako a bakin zaure saboda ba ta yi niyyar daɗewa ba. Na shanya gero a tabarma a tsakar gida. Tana zama Hassan ya zo ya durƙusa yadda muka yi ta gwadawa.

"Sannu da zuwa, Goggo. Ya hanya? Ya yala?"

Yaya Rabi ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Wa nake ji haka?"

Ta jawo shi tana tambayarsa, mene ne wannan, ina hancinka, wace ce waccan, yana amsawa yana ƙarawa da abin da ba a tambaye shi ba, har ya gaya mata awarwaronta ya fi na Iya kyau. Ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta miƙa wa Usaini hannu ta ce, kai fa? Usaini ya sunkuyar da kai. Ta lallaɓa, ta ciro alewa, Malam ya sa baki, Hassan ya zungure shi. Shiru. Sai fuskarta ta koma yadda na santa.

"Adama, kin yi ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka. Amma rabin aiki ne. Kin ga wannan yana fakewa a bayan ɗan'uwansa. Haɗa masa kayansa, ni zan ƙarasa."

Na ji bakina ya buɗe da kansa. "Yaya, ki yi mini rai. Ya sani, wallahi duk ya sani. A ƙara mini lokaci."

"Ke yanzu har da baki a maganar ɗan fari?"

"Na riga na zubar da kunyar, Yaya, ba abin da ya rage in adana."

Malam ya ce in yi shiru, Yaya Rabi ta miƙe tsaye, Iya tana tambayar me ake cewa, kowa ya juya wa tsakar gida baya, murya ta hau murya. Cikin wannan hayaniya sai wata 'yar murya da ban taɓa ji da Hausa ba ta tsaga mu, tar da ita kamar ƙararrawa:

"Ungo! Jakin Goggo ya kwance, yana cin geronmu! Ya sa ƙafa a ciki!"

Muka juya. Jakin kuwa yana tsakiyar tabarma, bakinsa cike. Babu wanda ya motsa ya kore shi. Usaini yana tsaye ya miƙa hannu yana nunawa, yana kallonmu da haushi, wai manya sun tsaya kamar gumaka. Magana cikakkiya, babu tuntuɓe, har geron ya fito da ra ɗinsa, wanda Hassan bai iya ba tukuna. Iya ta ce, "Iye? Me ya ce?" Sai yaron ya taka har wajenta, ya kama kunnenta da hannu biyu, ya ƙwala mata, "Jaki! Yana cin gero!" Iya ta zari muciya ta bi jakin tana zaginsa, ta kai zaure sannan ta tsaya, ta waiwayo a hankali ta ce, "Wa ya gaya mini?" Malam ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya yana share ido. Ni kuwa na sure Usaini na riƙa juyi da shi a tsakar gida, Hassan yana bin mu yana ihu, kaji suna tashi sama.

Da ƙura ta lafa, Yaya Rabi ta ce, "Wace ce kuma Ungo?"

Na ce, "Ni ce, Yaya." Na gaya mata inda sunan ya samo asali.

Ta riƙa juya awarwaronta. Ita ma tana da ɗan fari. Can ta nisa ta ce, "To, Ungo, riƙe 'ya'yanki." Ta kwana biyu da mu, ta koma Babura ita kaɗai, ta bar mana daddawa mai yawa, ta ce kuɗin geron da jakinta ya ci ne.

Bayan wannan yaran gari suka dawo wasa gidanmu, har matan da suka sa mini Aku suka riƙa turo nasu masu nauyin baki, a zauna a tabarma a yi wasan faifai. Yaren tagwaye kuwa ya fara zubewa kamar ganyen rani, yau wannan kalma ta tafi, gobe waccan. Ban lura da abin da yake tafiya da shi ba sai wata rana da Malam ya dawo daga fatauci ya kawo musu rake guda ɗaya. Ina ɗaki sai na ji ƙara a tsakar gida.

"Nawa ne!"

"Ƙarya kake, ni Baba ya ba!"

Na fito da gudu na tarar da su suna kokawa a ƙasa, kowa ya riƙe gefe, Hassan ya yakushi ɗan'uwansa a kunci. Tun da aka haife su ban taɓa ganin sun yi faɗa ba. Sai a lokacin na tuna, duk zaman da na yi ina koyon yarensu ban ji nawa ko naka a cikinsa ba. Ni na kawo musu su, tare da ruwa da ludayi da farar saniya. Malam yana tsaye a bakin zaure ya ce, "To, kin buɗe baki, sai ki saurari abin da zai fito." Na ƙwace raken na karya shi a gwiwata, na ba kowa nasa, na zaunar da su suna huci, na ce yau akwai sabuwar magana, kowa ya kalli ɗan'uwansa ya ce yi haƙuri. A duk abin da na koya musu babu wadda ta ba ni wahala kamarta. Usaini ya iya ta kafin ranin ya fita. Hassan kuwa, ga shi nan da furfura da jikoki, har yau ina jira.